Ɗumin da na ji cikin gangar taki

Assalamu alaikum, mai gabatarwa, ina gaishe ki. Ni tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a unguwar Banifandu, ina zaune ni kaɗai. Tun rasuwar matata, itacen lemun da ta shuka yake bushewa. Maƙwabciyata Hajiya Rabi ta kawo mini gangar ƙarfe, ta ce, "Baba, riƙa zuba ɓawo da busasshen ganye, kana yayyafa ruwa." Wata safiya na tura hannu ciki, sai na ji ɗumi kamar jikin mai rai, alhali babu wuta! Na daɗe ban cire hannun ba. Daga baya sharar ta zama baƙar ƙasa, na zuba a gindin lemun. Jiya na ga fure. Allah mai iko! A gaya wa Hajiya Rabi lemun farko nata ne.