Dawar Bara a Rumbu

A tashar Bakori, daminar da amai da gudawa ya ɓarke, Maiwada ya tarar da wata nas, Afusat, tana jiran motar Funtua da fankon kwali a cinya.

"Sista, ku ne na asibitin ƙauyenmu? Kullum a ce magani ya ƙare. Ina buhunan dawar da muka tara muku?"

"Kun tara, Malam, ko kun yi alkawari?"

"Duk ɗaya ne. Sai an yi girbi."

"To, je ka gaya wa cutar ta jira girbi. Ba ka da ta bara a rumbu?"

"Akwai, amma wa ke sayarwa yanzu? Wata guda ya rage ta yi tsada."

"Madalla. Ni kuma kwalbar ƙarin ruwa uku na baro, mutum bakwai a kwance. Albashina na ɗauko zan sayo."

Maiwada ya gyara zaman hularsa.

"Akwai wata yarinya, Mero, da aka kai ɗazu. Tana cikin ukun?"

"Ita ce ta shida. 'Yarka ce?"

Ya miƙe yana laluben takalminsa.

"Ki gaya wa mai kemis ya cika kwalin nan. Buhu biyu na tafe."