Fakon da Muka Bar wa Hure

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa.

Mai girma shugaban wannan taro, Alhaji Abdulƙadir. Ranka ya daɗe Dagacin Tudun Hure. Limamanmu da malamanmu, Allah ya gafarta muku. Injiniya Maryam da abokan aikinta na kamfanin da ya kafa wannan tasha. Iyayenmu mata da ke gindin darbejiya. Manoma, 'yan kasuwa da matasa. Sai kuma taubashina Basiru, shugaban kwamitin tasha, wanda tun safe yake yawo da sabuwar hula yana kallona ta gefen ido: assalamu alaikum wa rahamatullah.

Sunana Sama'ilu, Sarkin Noman Fadamar Nababa, ƙauyen da kuke hangowa can gangare. Ina godiya da aka gayyace mu bikin buɗe wannan tasha, ina godiya da aka ba ni kujera a sahun gaba, ina godiya da lemo mai sanyi da aka miƙo mini, ko da yake sanyin nasa ma cin fuska ne, domin mu rabonmu da ƙanƙara tun kafin a cire tallafin mai. An ce in taya ku murna a madadin maƙwabta. Zan taya ku. Amma dattijo ba ya tsayawa gaban liman ya yi ƙarya, don haka magana ta farko ita ce: ina kishi. Jiya na tambayi limaminmu ko abin da nake ji hassada ce, ya ce hassada ita ce ka so ni'imar ɗan'uwanka ta gushe. Na ce ban kai can ba tukuna. Ya ce to in yawaita istigfari, domin ya ga alamar ina hanya.

Magana ta biyu, saboda baƙinmu, ita ce asalin wannan fili da muke zaune a kai. Kakanmu Nababa da kakarku Hure uwa ɗaya uba ɗaya suke. Da aka zo rabon gona, Nababa ya ɗauki fadama, mai ruwa da baƙar ƙasa, ya bar wa ƙanwarsa wannan fako, ƙasa mai tauri wadda garma ke tsalle a kanta, ko akuya ta zo sai ta juya. Tun daga lokacin jikokinsu suka zama taubasai, kuma tun daga lokacin muke muku dariya. In muka haɗu a kasuwar Tsanyawa, mu da buhunan albasa, ku da 'yan ƙwaryoyin gero, sai mu tambaye ku ko tsakuwa ta yi kyau bana. Ni kaina na gaji wannan wasa daga mahaifina, na kuma koya wa 'ya'yana.

Da Injiniya Maryam ta zo neman fili, garinmu ta fara sauka. A rubuta wannan. Mu muka fara ba ta ruwa. Ta ce tana son fili buɗaɗɗe da ba a nomawa, inda za a shimfiɗa farantan sola. Muka zagaya da ita ko'ina muna alfahari: nan dawa, nan gyaɗa, nan gero, nan masarar bayan gida, babu taku ɗaya da ba mu kai masa taki a bayan jaki ba. Na ce mata, “Hajiya, a garin nan ko kaza ba ta da wurin birgima. In filin banza kike nema, hau tudu wurin ragwaye.” Ta yi godiya, ta hau. Ashe ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Ga shi yau farantai sun rufe fakon. An yi mana bayani, kuma na saurara da kunnen mai kishi, wanda ba ya barin komai ya wuce. Rana ta bugi farantai su ba da lantarki, lantarki ya raba ruwa gida biyu, a tara kaso ɗaya a tukwanen ƙarfe. Iska ce, sunanta haidurojin. Da ita ake tayar da injin ban ruwa, da injin niƙa, da fitilun asibitinku, ko rana ta faɗi, ko hadari ya rufe ta. Na sa tafin hannuna a bakin salansar injin Basiru ina jiran baƙin hayaƙi, sai na ji danshi kamar na murfin tukunya. Na so in samu aibu, ban samu ba, na koma gida ban ci tuwo ba.

Magana ta uku ita ce abin da wannan iska ta yi wa mutane, domin mu da ke gefe mun fi ku gani. Matanmu sun daina niƙa a garinmu, nan suke hawowa da kwanukansu, su dawo suna ba mu labarin fankar gidan ƙawarsu Asiya. Samarinku da suka tafi Kano tura baro sun dawo suna koyon ɗaura tukunyar iska, namu kuwa suna ɗaure kayan tafiya. Tasi'u mai gyaran injin fetur ya rufe rumfarsa, ɗan bumburutun bakin hanya ya kwashe jarkokinsa, kuma ba wanda ya tambaye su me za su ci. Ina roƙon kwamiti ya tuna da su. Ya kuma tuna cewa ruwan da tashar nan ke sha daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa, ruwan ƙasa kuwa bai san iyakar Nababa da Hure ba. An ce harshen wutar wannan iska da kyar ake ganinsa da rana, to a ja wa yara kunne. Kada ku ce kishi ne ya sa na faɗi waɗannan. Kishi ne, amma gaskiya ne.

Yanzu ga abin da ya kawo ni. Fadamar da kakanmu ya zaɓa tana nan, ruwanta yana nan kusa, tsawon gora kawai a ƙasa. Amma tun da fetur ya fi ƙarfin talaka, injinanmu na ban ruwa suna kwance a ɗaki, kaji na ƙwai a kansu. Rani ya zo ya wuce, wani ya zo ya wuce, fadama tana tsagewa muna kallo. Bana muka yi ta maza muka yafa irin albasa, muna shayar da shi da bokiti, maza da mata. Ya isa dashe. In sanyin nan ya wuce ba mu dasa ba, iri ya lalace, kuma akwai wani attajiri daga birni da ke zagaya fadamar da mota, ya riga ya fara gaisawa da magidantanmu. Wanda ya sayar ba zan zarge shi ba. Amma ranar da aka sayar da fadama, Fadamar Nababa ta zama suna kawai.

Na ji cewa tashar nan tana samar da fiye da bukatarku, kuma kwamitin Basiru ne zai yanke inda rarar za ta tafi: ko wata masana'anta a Kano, ko maƙwabta. Masana'anta za ta fi mu biya, ban musa ba. Mu abin da muke da shi albasa ce in ta nuna, da jinin da ya haɗa mu. Na san kuna da bakin magana. Shekara da shekaru muna ce muku masu noman tsakuwa, yau in kuka ce mu je mu sha fadamarmu, ba ku yi zalunci ba. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

Ku dubi abin da na ciro daga aljihu. Yaran zamani ba za su gane shi ba, amma iyayenmu da ke gindin darbejiya sun sani. Katanga ce, wato gutsuren fasasshiyar tukunya. Kafin ashana ta wadata, in wutar murhun mace ta mutu, da irin wannan take shiga gidan maƙwabciya. Ko da jiya sun yi faɗa, ko da ba sa gaisawa, ba a taɓa jin an hana ta garwashi ba, kuma ba a tambayarta me ya sa tata ta mutu. Hure ta san wannan, Nababa ya san wannan. Basiru, daina gyara hula ka dube ni. Murhun gidan kawunka Nababa ya mutu. Ga katanga na ajiye a gabanka, kuma ba zan ɗauke ta ba sai da garwashi a ciki.

Wanda ya zo ɗiban wuta ba ya zama, don haka zan taƙaita. Allah ya sa albarka a wannan tasha, ya tsare ta daga gobara da ɓarayi, da bakin mahassada, har da nawa. Allah ya jiƙan Hure, ya yafe wa Nababa rabon da ya yi. Allah ya sauƙaƙa mana wannan tsanani, ya ba mu damina mai albarka da rani mai amfani, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.