Tabon da aka gani a huhuna

Ƴan'uwana cikin Ubangiji, ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu. Sunana Rifkatu.

Tun lokacin da likitan nan Bature ya ɗaga hoton ƙirjina wajen taga, ya daɗe yana kallo, na san ba lafiya ba. Sai ya ɗora yatsa kan wani tabo fari-fari, ya ce yana tsoron tarin fuka ne. Ciwon da ya kashe babana ke nan!

Kun san wahalar da maigidana ya sha. Tun da ya dawo daga Dakar yake koyarwa, yana neman burs, wato tallafin kuɗi, ta karatun doktora. Babu biro, wato ofis, da bai shiga ba a unguwar Plato. Yau a ce darakta na taro, gobe a ce ya yi tafiya. Ni nake buga masa takardun da ɗan Faransancin da na koya a kolej, har yatsuna suka yi kanta. Da muka gama fid da rai aka ba shi, Faransa, har da iyali, amma sai an duba lafiyar kowa.

Nasa ya fito lafiya. Nawa ne ya tsaya.

Da muka koma gida unguwar Gaweye na ce, "Malam, ka tafi kawai. In ka bari, wani za a ba."

Ya ce, "In tafi in bar ki kwance a likita? Wa zai kawo miki ko kunu?"

"To duk yawon nan naka fa?"

"Ya zama motsa jini," in ji shi. Ya so in yi dariya, kuka na yi.

Na ware ƙoƙona da cokalina. Na daina ɗaukar ƴaƴan maƙwabta. Ko ƙura ta shaƙe ni sai in duba hannuna, ko da jini. Na gaji, ƴan'uwa, gajiyar da ko addu'a ba ta fita bakina.

Ranar da za a sake hoton, Mama matar fasto ta zo raka ni. Ta tarar ko ɗankwali ban ɗaura ba. Ta ce, "Ɗiyata, durƙusa, ko kalma guda ce ki faɗa." Na durƙusa na ce, "Ya Yesu, ba ni da sauran ƙarfi. Ka riƙe ni." Iyakar abin da na iya ke nan.

Ranar farko namiji ne ya ɗauki hoton, kunya ta hana ni tuɓe shimi, shi ma layi ya yi masa yawa bai matsa ba. Wannan karon wata dattijuwar Bazabarma ce ke aikin. Ta ce, "Ke yarinya, ciccire duka. Me kike da shi wanda ban taɓa gani ba?"

Na miƙa mata shimin. Sabuwa ce, wadda Innata ta ɗinka mini a ƙauye saboda tafiyar, ita ce kuma a jikina ranar farko. Matar ta shafa bayanta, ta tsaya, ta kawo almakashi ta farke ɗinkin. Sai ga ƴar laya ta fata, mai tauri, an ɓoye ta cikin ninki. Inna ba ta bin Ubangiji. Ta ji ɗiyarta za ta ƙetare teku, ta san in ta ba ni a hannu ba zan karɓa ba.

Matar ta ce wataƙila layar ce ta fito a hoton farko, ta ɗauki sabo, amma ko a nan hankalina bai kwanta ba. In tabon na nan fa? Muka zauna kan benci, Mama na riƙe da hannuna, har rana ta take.

Wajen azahar likitan ya leƙo da hoton a hannu ya ce, "Madam, huhunki lafiya lau. Je ki haɗa kaya."

Haleluya! Na rungume Mama.

Na gode wa Yesu da ya ji addu'ar da ba ta kai numfashi biyu ba. Duk wanda ya gaji a cikinku, ya faɗi ɗan abin da ya iya, zai ji. Ku kuma sa Innata cikin addu'a. Kafin mu tashi zan je in yi mata ban kwana, ban san ta inda zan fara ba.