Wayar da Ta Ƙi Tsinkewa

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Falmata daga Gamboru, Yerwa.

Tun da aka ja mana lantarki bana, duk ranar da na haɗa dutsen guga da butar shayi sai fis ya tsinke, wuta ta ɗauke. Maigida ya kira wani mai gyara. Mai gyaran ya cire siririyar wayar fis ɗin, ya ɗaura kakkaurar tagulla, ya ce, "Uwargida, wannan har jikokinki!"

Na ce, "Malam, na yi sakandare. Ƙarfin da ke turo wutar bai canja ba, amma kowane kaya ƙara jan wuta yake yi. In ta yi yawa, waya kan ɗauki zafi. Siririyar nan don ta narke aka sa ta."

Ya yi dariya, wai boko ya lalata mata. Da ya tafi na kunna dutsen da butar, na taɓa wayar da ta ratsa ɗakin 'ya'yana, zafi rau! Nan take na kashe komai.

Masu gyara, ku ji tsoron Allah, rayuka ne a hannunku. Malam, a tambayo mana masana: jahilci ne wannan ko mugunta? Kafin amsa ta zo, na koma dutsen guga na gawayi.