Sifikar da Ke Girgiza Bango

A wani shagon kayan kallo da ke Ƙofar Mazugal na ji wannan.

"Alhaji, wannan na'urar sauti sifika biyar gare ta," in ji mai shago. "In mota ta fashe a fim, har bango sai ya girgiza."

"Namu na ƙasa ne, damina ta ci gindinsa. Zai tsage?"

"Ko kusa, ranka ya daɗe."

"To nuno min wadda za ta tsaga shi."

Mai shago ya rage sauti. "Wa ke kwana a bayansa?"

"Yayana. Ya hana a sayar da gidan gado."

Mai shago ya zare wayar na'urar daga soket.

"Alhaji, bango in zai faɗi, ba ya tambayar ta wane ɓangare yayanka yake."