Garken Azurfa

A tashar motar Nongoma, Thokozile ta ga tsohon da ke gefenta yana ta shafa wani sulen azurfa.

"Baba, nan kake zuba kuɗin fanshonka? Ai gara ka tara ka sayi karsana."

"Shanu tara gare ni, 'yata, fari ya kwashe su kaf. Wannan kuwa bai taɓa neman ruwa ba."

"To ai ba ya haihuwa."

"Ba ya mutuwa dai."

Ta yi dariya. "Guda nawa ka tara?"

"Da Nkone, bakwai ke nan."

"Wace ce kuma Nkone?"

Ya ɗaga sulen yana murmushi. "Ga ta, sarauniyar tsallake shinge. Saura biyu garkena ya dawo gida."