Giyar Motar Baba Filibus

BENSON: Halo? Mama, kina ji na?

MAMA: Wa ke magana? Ɗaga murya, abin nan sai ƙara yake kamar ana suyar ƙosai.

BENSON: Ni ne, Benson. Ina wuni, Mama?

MAMA: Lafiya lau. Ina gajiya?

BENSON: Ba gajiya. Yaya gida? Yaya mutanen Romi?

MAMA: Suna nan. Yaya matarka Joy da jinjiri?

BENSON: Sun gode Allah. Yaya jikin Baba?

MAMA: Da sauƙi.

BENSON: An kawo muku wuta kuwa? Mu a nan tun jiya...

MAMA: Benson, kai da ba ka ƙarasa "ina kwana" a waya don tsoron katinka, yau har wuta kake tambaya ta. Ina motar?

BENSON: Tana nan Kakuri, garejin Oga Monday. An ma kusa gamawa.

MAMA: Gama me? Motar da yayarka Irene ta aiko wa babanku daga Legas da ƙafarta ta zo. Ka ce juyen baƙin mai za a yi mata ka dawo da ita. Gobe Lahadi.

BENSON: An yi juyen. Sai dai da Oga Monday ya duba, ya ba da shawara a yi mata ɗan gyara a giya.

MAMA: Me ya sami giyar?

BENSON: Ba abin da ya same ta. Kin san otomatik ce. To, yanzu duk wanda ya sayo Beljiyam irin wannan, abin da yake fara yi ke nan, a sauke giyar a ɗora irin ta hannu. Kowa haka yake yi.

MAMA: Layin ya yanke. Maimaita.

BENSON: Na ce an mai da ita manuwal.

MAMA: Mai kuloci.

BENSON: E.

MAMA: Da wace ƙafa ake taka kuloci, Benson? Ni ban yi boko ba, koya mini.

BENSON: Mama...

MAMA: Tambayarka na yi.

BENSON: Da ta hagu.

MAMA: Wace ƙafa ciwon suga ya sa aka yanke wa babanka?

BENSON: Ki tsaya ki ji ni. Otomatik wahala ce a garin nan. In ta lalace ba bakaniken da ya san cikinta. In batir ya mutu ba a tura ta. Kin manta ranar rikici da muka baro Tudun Wada? Da tsohuwar Fijo ba ta turawa ba ce, da yanzu wani labarin ake yi.

MAMA: Ban manta ba. Ni da ku muka tura, takalmina ma a can na bar shi. Amma wa ke riƙe da sitiyari? Wa ya haye da mu gada? A lokacin ƙafarsa biyu. Yanzu ɗaya ce, kuma don wannan ɗayar Irene ta yi ta yawo a kasuwar motoci har ta samo wadda ba ta buƙatar ɗayar. Ta faɗa a gabanka.

BENSON: Na ɗauka don ta faranta masa rai ne kawai. Mama, mu faɗi gaskiya, Baba zai iya hawa titi? Kin ga yadda 'yan acaɓa suke a Sabon Tasha?

MAMA: Mutumin da ya tsufa yana jan tanka daga matatar mai ta Rido zuwa Maiduguri, shi kake tsorata wa da 'yan acaɓa? Kai wa ya koya maka tuƙi?

BENSON: Shi ne. Shi ne kuma ya riƙa ce mana otomatik motar mata ce da ragwaye.

MAMA: Ya faɗa. Bakinsa ya faɗi abubuwa da yawa lokacin da yake da ƙarfi, ni ma na sha nawa. Amma ya haɗiye wannan maganar. Ka san me yake yi tun da motar ta iso? Bulo biyu ya sa aka ajiye masa a gaban kujera, wannan birki, wannan totur. In ya ɗauka ba na kallo sai in ga yana ta sauya ƙafa a kai. Ya sa an sare mangwaron ƙofar gida don ta sami wurin kwana. Ya gaya wa dattawan coci kada kowa ya zo ɗaukarsa gobe, da kansa zai zo.

BENSON: Ban sani ba.

MAMA: Da ka zauna da shi da ka sani. To, yanzu da ta zama ta hannu, wa zai tuƙa ta?

BENSON: Ai ina nan. Duk inda za ku, asibiti ko coci, ku kira ni kawai in zo in...

MAMA: Yauwa. Mun iso wurin.

BENSON: Ba haka ba ne.

MAMA: Shi ya sa ranar zumuntar mata a coci aka yi mini barka, wai Joy ta ce kun yi mota. Na ce musu ba su ji daidai ba. Ashe ni ce ban ji daidai ba.

BENSON: Allah ya sani ban yi don in ƙwace ba.

MAMA: Mai yiwuwa. Kai dai ka ji shawarar da ta yi maka daɗi, ba ka tsaya tambaya ba. Koma ka ce wa Monday ya mai da mata abinta.

BENSON: Halo? Mama, sabis ɗin...

MAMA: Sabis lafiyarsa lau. Ina jin numfashinka.

BENSON: Tsohuwar giyar ba ta nan. Musaya muka yi. Ya riga ya ɗora wa motar matar wani kansila.

MAMA: Giyar da ya ce ba ta da amfani.

BENSON: Ya ce su manya suna da halin kula da ita.

MAMA: Ka gani ko? Tun da sojoji suka sauka, kowane kansila otomatik yake saya wa matarsa, Monday kuma ya san inda zai samo musu. Ya ga ɗan Filibus ya shigo gareji da mota mai kyau da kai marar nauyi.

BENSON: Zan nemo wata. A ba ni lokaci, ko kasuwar Fanteka ce zan je, ko Legas. Ki ce masa ba a gama aikin ba, ki ce wani ƙarfe ake jira.

MAMA: Ni zan faɗa masa?

BENSON: Ke kin san yadda za ki lallaɓa shi.

MAMA: Ni na gaya masa za a yanke ƙafar, don likita ya kasa, ku kuma kuka fita waje. Ni na gaya masa an sayar da Fijo. Duk maganar da ta fi ƙarfin bakinku ni kuke miƙa wa. Wannan ba tawa ba ce. Ga shi can a baranda, ya sa na goge masa kaftani, yana ta leƙen hanya. Bari in kai masa.

BENSON: Mama, don Allah kada ki ba shi. Katina ya kusa ƙarewa. Gobe da sassafe zan zo da kaina.

MAMA: Baban Irene, ga ɗanka. Yana da magana a kan motarka.

BENSON: Mama, ki tsaya...

BABA: Halo, Benson? Ɗan albarka, an gama? Ka ji, in ka taho kada ka shigo da ita. Ka tsaya a bakin titi ka aiko a kira ni, ni zan shigo da ita gida. Halo? Benson? Celina, zo ki duba mini abin nan, ban ji komai ba.